Sanyin da ya ci mazan jiya a Chemin des Dames

Ran nan ina koyar da tarihin Yaƙin Duniya na Farko, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, littafi ya ce an kai sojojin Afirka hivernage a Faransa. Can ma damina ke hana yaƙi?" Tambayar ta yi mini daɗi, domin a faransancin da muke ji a nan, hivernage damina ce. A can kuwa hunturu ake nufi, kuma ba irin namu ba, wanda bargo da wutar kara ke maganinsa.

A arewacin Faransa ruwa kan daskare, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Soja na tsaye dare da rana cikin rami mai laka da ruwan sanyi, har ƙafarsa ta kumbura, yatsu su mace, wani lokaci sai likita ya yanke su. Wannan ya sa in sanyi ya kama, shugabannin soja kan janye sojojin da ake kira tirailleurs sénégalais zuwa kudu, sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël a bakin Bahar Rum. Sunan Senegal kawai suke ɗauke da shi, amma daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka kwaso su.

A 1917 aka yi gaggawar maido su. Janar Nivelle ya shirya babban farmaki a Chemin des Dames, a yankin Aisne, Janar Mangin kuma ya sa su a sahun gaba. Ranar 16 ga Afrilu da asuba aka tashi, ga ruwa, ga iska, ga dusar ƙanƙara. Hannuwan da yawa daga cikinsu sun sandare, riƙe bindiga ma ya gagara, Jamusawa kuma na saman tudu da manyan bindigogi. Cikin ƴan kwanaki dubbai suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace. Farmakin ya watse, aka sauke Nivelle a watan Mayu. Blaise Diagne, ɗan majalisa mai wakiltar Senegal, ya tashi a majalisar dokokin Faransa ya yi tir da yadda aka jefa su cikin wannan sanyi.

Na tuna wa ɗalibaina cewa a farkon shekarar nan Kaosen yana kewaye da barikin Faransawa a Agadez, lokacin Zinder ce babban birnin ƙasar. Labarin bai yi nisa da mu ba.

Ƴan'uwana malamai, kada mu tsaya ga haddar shekaru. Mu bayyana wa yara yanayin da mutanen nan suka shiga. Iyaye kuma, in akwai tsohuwar lambar yabo ko takardar soja ta wani kaka a cikin adaka, ku fito da ita yara su gani, su ji sunansa, kafin masu ba da labarin su ƙare.