Karatu da Aiki a Kwalejin Oberlin

A shekarar 1833, lokacin da arewacin jihar Ohayo ta ƙasar Amurka yake kurmi ne mai duhu da ƙasa mai taɓo, wasu malaman addinin Kirista guda biyu, John Shipherd da Philo Stewart, suka sari daji suka kafa makaranta da ɗan ƙauye a gefenta, suka raɗa musu sunan Oberlin, don tunawa da wani limamin coci na yankin Alsas wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen hidimar talakawa. Irin wannan ƙaramar kwaleji, wadda Amurkawa suke da ita da yawa, ba a kafa ta don koyar da sana'a guda ba. Maƙasudinta shi ne ɗalibi ya ɗanɗani nahawu da balaga da manɗiƙi da hisabi da falsafa da harsunan mutanen dā, yana zaune kusa da malamansa, har tarbiyya ta shige shi tare da ilimi.

Amma tun ranar farko Oberlin ta gindaya sharaɗi, cewa duk mai neman ilimi a cikinta sai ya yi aiki da hannunsa, kimanin sa'a huɗu kowace rana, maza suna saran itace da noma, mata suna girki da ɗinki da wanki, domin ɗan talaka ya biya kuɗin karatunsa da guminsa, kuma kada alƙalami ya sa mai riƙe da shi ya raina fartanya. Mazauna ƙauyen sun yi alkawarin zuhudu a rubuce, suka haramta wa kansu taba, suka ƙaurace wa shayi da gahawa da tufafin alfahari. Ba duka ne ya ɗore ba. Gona ta kasa ɗaukar yawan ɗaliban da suka yi ta kwararowa, itatuwan da aka dasa don kiwon tsutsar siliki suka mutu, tilas aka sassauta dokar aikin hannu.

A watan Fabrairu na 1835 aka kawo wa majalisar amintattun makarantar mas'alar da ta fi kowace nauyi, wato ko za a karɓi baƙar fata, a zamanin da miliyoyinsu suke cikin ƙangin bauta a kudancin ƙasar; kuma da ƙuri'a ta rabu biyu daidai, sai shugaban majalisar, John Keep, ya jefa tasa a ɓangaren karɓa. Ɗalibai ne suka jawo wannan hukunci, gama wasu matasa da suka fice daga makarantar Lane ta birnin Sinsinati, saboda an hana su muhawara a kan bauta, sun ce ba za su zo ba sai an buɗe ƙofa ga kowa. A 1841 mata uku suka karɓi digiri daidai da na maza, a 1844 George Vashon ya zama baƙar fata na farko da ya sauke karatu a can, Mary Jane Patterson kuma ta bi sahu a 1862.

Ba zan ɓoye ba, adalcin bai cika ba, kuma abin yana yi mini ciwo. An daɗe ana ɗora wa ɗalibai mata wankin tufafin maza, kuma Lucy Stone, wadda ta kammala a 1847, ta ƙi rubuta maƙalar ranar saukar karatu, saboda an ce namiji ne zai karanta ta a madadinta. Duk da haka, a watan Satumba na 1858, da masu farautar bayi suka sace wani saurayi mai suna John Price, ɗalibai da malamai da mutanen gari suka bi sawu har garin Wellington suka ƙwato shi, aka ɓoye shi har ya tsallaka Kanada, gwamnati kuwa ta gurfanar da mutum 37 a gaban shari'a.

Al'adar aikin hannu, wadda aka zaci ta mutu tuntuni, ta sake tsirowa a 1950, lokacin da ɗalibai suka buɗe gidan haɗin gwiwa na farko, inda su ne masu cefane, su ne masu girki, su ne masu wanke tukwane, kuma ba a yanke hukunci sai an yi shawara. Har yau ɗaruruwan ɗalibai suna cin abinci a irin waɗannan gidaje, hatimin kwalejin kuma yana ɗauke da hoton gonar alkama.