One True Voice: Gungun Samarin da Aka Haifa Don Gasa

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2002, gidan talabijin na ITV da ke Birtaniya ya gabatar wa jama'a wasu samari biyar da aka haɗa su wuri guda don su zama gungun mawaƙa: Anton Gordon, Matt Johnson, Daniel Pearce, Keith Semple da Jamie Shaw. Aka laƙaba musu suna One True Voice, ma'ana murya ɗaya ta gaskiya. Kafin watan Agusta na 2003 ya ƙare, gungun ya watse. Ƙananan faya-fayai biyu kawai suka fitar, ba su kai ga cikakken kundin waƙoƙi ba.

Haɗa samari a mai da su mawaƙa ba sabon abu ba ne a can. A 1990 Nigel Martin-Smith ya kafa Take That a Mancesta, a 1993 kuma Louis Walsh ya kafa Boyzone a Dublin, daga baya ya riƙe Westlife. Amma duk waɗannan a bayan fage aka tace su, aka koya musu rawa da iya magana gaban ƴan jarida, sannan aka fito da su kasuwa. Abin da ya sauya a 2001 shi ne shirin Popstars, wanda ya mai da ita kanta tantancewar abin kallo. Daga cikinsa Hear'Say suka fito, faifansu na farko ya sayu fiye da rabin miliyan cikin mako ɗaya, amma a watan Oktoba na 2002 suka rabu, daidai lokacin da ake tsakiyar nuna zagaye na biyu na shirin. Aya ce ga mai lura, sai dai ba wanda ya tsaya karanta ta.

Zagayen na biyu, Popstars: The Rivals, ya zo da dabara biyu. Ta farko, ƴan kallo ne ke zaɓe ta wayar tarho: samari goma da ƴanmata goma, ana zubar da su ɗaya bayan ɗaya har biyar-biyar suka rage. Ta biyu, gungun maza da na mata za su fitar da faifansu rana ɗaya, a ga wanda zai hau kan jerin ciniki a makon Nowel, wato Kirsimeti. Wannan matsayi yana da daraja ta musamman a wurin Turawan Ingila, har caca ake yi a kansa, kuma Spice Girls sun riƙe shi sau uku a jere daga 1996 zuwa 1998. Ɗaya daga cikinsu ma, Geri Halliwell, tana cikin alƙalan shirin. Sauran alƙalan biyu su suka raba gungunan tsakaninsu: Louis Walsh ya ɗauki ƴanmatan, waɗanda aka kira Girls Aloud, Pete Waterman ya ɗauki samarin.

Waterman ba baƙo ba ne a sana'ar. Shi da abokan aikinsa Mike Stock da Matt Aitken ne suka ɗaga Kylie Minogue da Rick Astley a ƙarshen shekarun 1980. Masu lura da yawa sun ɗauka samarinsa za su yi nasara, bisa lissafin cewa ƴanmata ƙanana su ne masu buga waya su yi zaɓe, su ne kuma masu sayen faifai. Shi kuwa ya dage cewa nasa ba gungun ƴan samari ba ne irin na rawa da kwalliya, mawaƙa ne masu haɗa murya. Don ya tabbatar da haka, sai ya ba su "Sacred Trust", waƙar Bee Gees ta 2001, mai taushi da natsuwa, irin wadda uwa za ta saurara tare da ɗiyarta ba tare da ta ɗaure fuska ba. Nan ne aka yi kuskuren. Ƴanmatan sun samu "Sound of the Underground" daga ɗakin aikin Xenomania na Brian Higgins, waƙa mai zafin kiɗa da kaifin jita, wadda ba ta yi kama da abin da aka saba ji daga gasar talabijin ba. Suka kuma shiga kamfe da taken cewa a sayi na mata, a yi wa maza ban kwana.

An fitar da faya-fayan biyu ranar 16 ga Disamba. Ranar 22 ga wata sakamako ya fito: Girls Aloud na ɗaya da ciniki fiye da 200,000, One True Voice na biyu. Na uku kuwa Cheeky Girls ne, wasu tagwaye ƴan Romaniya da alƙalan shirin suka ƙi tun wajen gwaji.

Ga kowane sabon gungu, zama na biyu a makon da ya fi kowane mako ciniki a shekara babban rabo ne. Amma waɗannan ba a gabatar da su a matsayin sababbin mawaƙa ba, an gabatar da su a matsayin ɓangare ɗaya na dambe, dambe kuwa ba ya da na biyu sai wanda aka kayar. Jama'ar da suka zaɓe su sun zaɓi mutum-mutum ne, kowa da gwaninsa, ba wanda ya taɓa jin su biyar ɗin a matsayin abu guda kafin ya jefa ƙuri'a. Da shirin ya ƙare, fitowar da suke yi kowace Asabar da dare ta ƙare, sai ya zamana waƙa kaɗai za ta riƙe su, waƙar kuma ba ta da wannan ƙarfi.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. An soke rangadin da aka shirya wa ƴan shirin saboda tikiti bai sayu ba. A watan Mayu na 2003 Girls Aloud suka fitar da kundinsu na farko, alhali samarin sun yi kusan wata shida shiru, a lokacin da yaran Ingila suka koma wa Busted masu kaɗa jita da tsalle-tsalle. Faifansu na biyu, "Shakespeare's (Way with) Words", ya fito a watan Yuni ya tsaya a na goma. Daniel Pearce ya fice, sauran huɗun ba su daɗe ba suka bi hanyoyinsu. Girls Aloud kuwa sun jera waƙoƙi ashirin cikin goman farko ba tare da yankewa ba, suka kai har 2013 kafin su rabu.

Masu shirya irin wannan gasa a Birtaniya ba su sake haɗa gungu biyu karo a kasuwa ta wannan hanya ba. The X Factor, wanda ya fara a 2004, ya bar wa waɗanda ba su ci ba ƙofa a buɗe: JLS na biyu suka zo a 2008, One Direction na uku a 2010, kuma dukansu sun fi One True Voice nisa ƙwarai. Daga cikin samarin biyar, Keith Semple ya koma Amurka ya ci gaba da waƙa a yankin Shikago. Daniel Pearce ya sake gwada sa'arsa a The X Factor a 2009 bai kai ƙarshe ba, amma a 2010 muryarsa ta fito cikin "Dirtee Disco" ta Dizzee Rascal, waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, shekara bakwai da rabi bayan makon Nowel na 2002.