Matsayin Addini Kan Ƙyama da Wariya: Nazari Kan Zaman Musulmi, Kirista da Maguzawa a Ƙasar Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda Musulunci da Kiristanci suke kallon ƙyama da nuna bambanci, ta la'akari da zaman jama'ar Dayi da sauran ƙauyukan Malumfashi da Kafur a kudancin Jihar Katsina. An bi hanyar nazarin nassoshin addini da littattafan fiƙihu da ayyukan masanan da suka gabata. Maƙalar ta gano cewa wariyar da ake jingina wa addini a yankin ta fi samun gindin zama a tunanin asali da daraja.

Muhimman kalmomi: ƙyama, wariya, Maguzawa, amana, asali.

1.0 Gabatarwa

Dayi tana cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, ƙasar masara da dawa da auduga. A wannan yanki Musulmi ne mafi rinjaye, amma akwai gidajen Hausawa Kirista, da ragowar masu bin addinin kakanni, wato Maguzawa. Harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, gonakinsu suna haɗa iyaka. Duk da haka kalmar "arne" tana nan a bakin mutane, kuma takan rufe ƙofar aure da shawara da girmamawa. Tambayar ita ce: addini ne ya koyar da haka, ko kuwa rigarsa aka ara?

2.0 Waiwaye

Joseph Greenberg ya wallafa bincikensa kan Maguzawan Kano da bautar iskoki a 1946. Jerome Barkow ya kwatanta rayuwar Musulmi da Maguzawa a wata maƙala ta 1973. Murray Last kuwa ya zauna a gidan Maguzawa kusa da Malumfashi tun daga ƙarshen shekarun 1960, ya kuma nuna a 1979 cewa musulunta tana da alaƙa da sana'a da fatauci. Waɗannan ayyuka sun fi mai da hankali ga al'ada da tattalin arziki. Hukuncin da addinan kansu suka yanke kan ƙyamar shi ne giɓin da wannan maƙala take son cikewa.

3.0 Matsayin Musulunci

Sunan Maguzawa kansa hujja ne. Masana da dama suna ganin daga "Majusu" ya fito, sunan da ya zo a Suratul Hajji, aya ta 17. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar. Saboda haka malaman da suka sanya wa manoman ƙasar Hausa wannan suna sun buɗe musu ƙofar zaman amana ne: jininsu da dukiyarsu sun zama haramun ga kowa. Wannan ya taimaka wajen ɗorewar gidajensu har bayan jihadin 1804. Gaskiya ne tsarin bai daidaita su da Musulmi a sarauta ba, amma bai halatta cin zarafinsu ba.

Alƙur'ani ya ƙara fito da batun fili. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta mayar da fifiko ga taƙawa, ta 256 a Baƙara ta hana tilastawa a addini, ta 8 a Mumtahana ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙi Musulmi ba, ta 8 a Ma'ida kuma ta wajabta adalci ko ga wanda ake ƙi.

4.0 Matsayin Kiristanci

Misalin Basamariye mai tausayi a Luka 10 ya ɗauko mutumin da ake ƙyama ya mai da shi abin koyi. Galatiyawa 3:28 ta rushe fifikon ƙabila da na ɗa a kan bawa. A 1965 Cocin Katolika ta fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta yi tir da wariya saboda launi ko addini, ta kuma ambaci Musulmi da girmamawa. Wannan koyarwa tana hawa kan Kiristan da yake raina ɗan'uwansa da ya tsaya kan tsafin gida, da kuma wanda yake shakkar Bahaushe Kirista don kawai Bahaushe ne. Naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na Katolika na farko na Katsina a 2023 ya nuna cewa Hausanci da Kiristanci ba kishiyoyi ba ne.

5.0 Tattaunawa

Hujja mafi ƙarfi tana cikin gidan Musulmi kansu. Mahauci da maroƙi da wanzami suna sahu ɗaya da kowa a masallaci, amma idan aka zo neman aure sai a ce a binciki asali. M. G. Smith ya bayyana wannan tsani na daraja tun 1959. Alhali a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Katsina, abin dubawa a dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke ba da damar raba aure, ban da nasaba. Idan ana ƙin Musulmi saboda sana'ar kakansa, to ba kalmar shahada ce ma'aunin ba. Ma'aunin da ya danne mahauci shi ne ya danne Bamaguje, har jikansa da ya musulunta ana iya yi masa gorin "tubabbe".

6.0 Kammalawa

Nassoshin addinan biyu sun haramta wulaƙanta mutum, haka ma sashe na 38 da na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 sun kare 'yancin addini, sun kuma hana wariya. Abin da ya rage shi ne aiki. Ya kamata limamai su riƙa karantar da babin amana da haƙƙin maƙwabci a huɗuba da zaurukan karatu, fastoci su yi irin haka a majami'u. Hakimai da dagatai su yi rabon taki da filaye da takardar shaidar ɗan ƙasa bisa ma'auni ɗaya. Manomin Dayi ya riga ya san cewa ranar gayya ba a tambayar addinin mai riƙe da fartanya. Wajibi ne mumbari ya tabbatar masa cewa abin da yake yi a gona shi ne abin da littafinsa ya umarce shi.