"Yaran zamani": waɗanda aka zarga jiya su ne masu zargi yau

Da wuya a tashi taron iyaye da malamai ba a ji wani dattijo ya ce yaran yanzu ba su da kunya, ba su son wahala, sai shayi da wayar salula. Su ma samarin suna da tasu maganar: tsofaffi ba su waye ba, sun ci zamaninsu suna neman cin na wasu. Kowane ɓangare yana ganin abin nan sabo ne. Amma wanda ya bi tarihin Nijar na shekara ɗarin da suka wuce zai tarar zargin ya girme mu duka, kuma yakan yi ƙarfi ne duk lokacin da hanyar cin abinci ta sauya.

Mu fara da gandu. A Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram da Adar, ɗa yana noma gonar gida yawancin kwanakin mako, sauran ya ba gayaunarsa. Uba kuma shi ke ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Ladabin da ake yabo a wancan zamani yana tsaye ne kan wannan alkawari mai fuska biyu. Da Faransawa suka ɗora lanho da sai an biya da tsabar kuɗi, samari suka shiga cin rani zuwa Kano da Kumasi da Akra, noman gyaɗa kuma ya sa kuɗi a hannun wanda ba maigida ba. Saurayin da ya dawo da keke da turamen atamfa yana iya neman aure da guminsa. Dattawan lokacin suka ce ya yi girman kai, alhali sau da yawa da kuɗinsa aka biya lanhon gidan.

Sai ƴan lakwal. Iyaye da yawa sun ɓoye ƴaƴansu don kada a rubuta su makarantar nasara, wasu masu sarauta ma ɗan bara suka riƙa turawa a madadin nasu. Yaron da ya fito da wando da faransanci, kallon ɓatacce ake yi masa. Cikin irin waɗannan yara ne aka samu Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari, dukkansu malaman makaranta da suka yi karatu a William Ponty ta Senegal. Lokacin da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, shekarar da aka soke aikin tilas, Diori yana da shekara 30, Jibo 24. Kumandan da sarakuna da dama sun ɗauke su yara marasa ta ido. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a'a ga tayin De Gaulle, kuma ƙarfinta yana wurin samari, ƴan kamasho, direbobi da ƙananan ma'aikata, yayin da akasarin sarakuna suka bi "i". Aka haramta jam'iyyar a 1959. Yau sunayen waɗancan "yara" ne muke koya wa ɗalibai a darasin tarihi.

Idan dattijon yau ya ce "a zamaninmu", galibi samariya yake nufi. Tsarin sarkin samari daɗaɗɗe ne a garuruwanmu, amma bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 Seini Kunce ya mai da shi tsari na ƙasa baki ɗaya. Samariya ta gina azuzuwa, ta share unguwanni, ta dasa itace, ta yi gasar wasan kwaikwayo da raye-raye. Wannan aiki ne na gaske, babu mai musu. Sai dai akwai abubuwa biyu da ake mancewa. Na farko, hukuma ce ke tsaye a bayansa da iko da kayan aiki, a shekarun da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Na biyu, mai takardar karatu a lokacin yana da kyakkyawan zaton samun aikin gwamnati. Saurayi ya san abin da haƙurinsa zai haifar.

Da kuɗin yuraniyom suka faɗi a shekarun 1980, ga kuma farin 1984, aka shiga tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibu, ɗalibai suka yi maci kan gadar Kenedi a Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasa rayukansu. Wannan rana na cikin abubuwan da suka kai mu ga babban taron ƙasa da aka buɗe 29 ga Yuli 1991. A daidai waɗannan shekaru, samari ƴan kasuwa a Maraɗi da wasu garuruwa suka rungumi Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, suka soki yawan kashe kuɗi wurin biki da suna, wasunsu suka bar durƙusa wa manya. Gidaje da yawa sun sha rikici a kan haka. Ɗaliban gada da samarin wa'azi duka an ce ba su ganin kowa da gashi. Yau su ne masu furfura, su ne shugabannin makarantu da limamai da ƴan majalisa, kuma daga bakinsu ake jin cewa yara sun lalace.

Fada, wadda ake nunawa da yatsa a matsayin shaidar lalaci, a shekarun 1990 ta yaɗu, kuma Damagaram na cikin garuruwan da ta fara kafuwa. Shekarun ke nan da gwamnati ta daina ɗaukar duk mai takarda aiki, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Daga baya koyarwa kanta ta koma hannun ƴan kwantaragi. A duba yawan jama'a kuma: ƙidayar 1977 ta ba da mutum miliyan 5 da ɗoriya, ta 2012 ta ba da miliyan 17 da ɗoriya, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Gonar da ta riƙe ƴaƴa uku ba za ta riƙe jikoki ashirin ba. Uban da ba ya iya yi wa ɗansa aure ba mugu ba ne, ɗan da ke zaune bakin titi da butar shayi ba lallai rago ba ne. A fada ana shashanci, gaskiya ne, wasu ma sun kai ga ƙwaya da faɗan daba. A fada kuma ake adashi, ake gadin unguwa da dare, ake ba juna labarin aikin gini ko hayar kabu-kabu.

Samari su ma su sassauta. Tsohon da suke kira baƙauye ya ratsa yunwar 1973 da ta 1984 da iyalinsa a wuya, ya san ƙasar da ke karɓar gero da wadda ba ta karɓa, ya san yadda ake sasanta gidaje biyu ba a je jandarmari ba. Wannan ilimi babu shi a WhatsApp, kuma idan mai shi ya tafi ba a tambaye shi ba, ya tafi ke nan.

Mu malamai da iyaye, abin da ya rage mana shi ne mu kula da bakinmu. Yaron da ya tashi yana jin cewa tsararsa ba ta da amfani, wata rana zai yarda, kuma malamin da ya shiga aji da wannan hukunci a ransa ya rage himma tun kafin ya ɗauki alli. Kafin mu ce yaro ba ya da ladabi, mu tambayi kanmu wane ɓangare na alkawarin muka cika masa: karatu mai inganci, sana'a, gona, ko ko sauraro kawai. A aji kuma akwai aiki mai sauƙi da ba ya bukatar ko dala: a tura kowane ɗalibi ya tambayi kakansa abin da manya suka zarge shi da shi yana saurayi, ya rubuto amsar, a karanta gaban kowa. Iyaye su zo su saurara.