Daga Goro Zuwa Gwangwani: Yadda Gahawa Ta Shigo Zariya

Idan ka tsaya gaban teburin mai shayi a Samaru ka ce a ba ka kofi, abin da zai yi sananne ne: ya ɗebo Nescafé da cokali, ya zuba ruwan zafi da madara da sukari, ya yi ta juyawa daga wannan mazubi zuwa wancan har ya yi kumfa. Idan kuwa ka ce gahawa kake so, zai iya duban ka da mamaki. Abu ɗaya ne mai suna biyu, domin ta hanya biyu ya shigo ƙasar Hausa, kowace hanya da irin ɗanɗanon da ta zo da shi.

Asalin bishiyar daga tsaunukan Habasha yake, amma sufayen Yaman ne suka fara shahara da shan ta a ƙarni na 15, don su kori barci a daren zikiri. Daga kalmarsu ta ƙahwa muka samo gahawa. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya haramta ta, haramcin bai je ko'ina ba. To, tunda alhazanmu sun daɗe suna zuwa Makka, ayarin Larabawan Ghadames da Turabulus kuma suna sauka a Kano, me ya hana gahawa kafuwa a nan tun da wuri?

A ganina goro ne ya tare mata wuri. Sinadarin da ke wartsakar da mai shan gahawa yana cikin goro, ga shi ba ya bukatar wuta ko tukunya ko turmi. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗauko shi daga Gwanja, har ya shiga ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lura cewa goro a wurin mutanen garin kamar shayi ko kofi ne a wurin Turawa. Mai goro a aljihu ba shi da uzurin hura gawayi.

Duk da haka ta lallaɓo ta gabas. Bayan yaƙin Burmi a 1903, dubban mutane sun yi hijira suka zauna a Sudan, inda garin Mai Wurno ya kafu a bakin Shuɗin Nilu, ga kuma masu tafiya hajji a ƙasa da kan shafe shekaru a hanya. Can suka tarar da jabana: a soya 'ya'yan gahawa a gaban baƙo, a daka a ɗan turmi, a dafa a tukunyar yumɓu mai dogon wuya tare da citta, a sha a ƙananan finjali. Wanda ya dawo da wannan al'ada ya dawo da ilimi gaba ɗayansa, daga suya har zubi. Sai dai ta tsaya a zauren malamai da gidajen alhazai da masu alaƙa da Barno da Cadi, ba ta fito bakin titi ba.

Ta bakin titi kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo ta. Dogo ya iso Zariya wajen 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, kantunan Turawa suka cika da sukari da madarar gwangwani da ganyen shayi. Shayi ne ya fara cin kasuwa, shi ya haifi mai shayi. Kofi ya biyo baya a cikin gwangwani: an ƙirƙiro Nescafé a Suwizalan a 1938, kamfanin Nestlé ya fara harka a Najeriya a 1961. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai garin kofi ya samu masoya na haƙiƙa, wato ɗalibai masu kwanan karatu gab da jarrabawa. A wurinsu magani ne, ɗacinsa kuma a rufe shi da madara. Wannan kofin an riga an dafa shi a masana'anta an busar, saboda haka babu abin da ya rage wa mai sha ya gyara sai yawan sukari. Haka aka tashi zuriya biyu ko uku da ba su taɓa ganin ƙwayar gahawa da idonsu ba.

Abin dariya, Samaru garin binciken noma ne tun 1922, amma auduga da gyaɗa da dawa aka sa a gaba, kuma da dalili: ranin Zariya ya yi wa bishiyar gahawa tsawo. Bincikenta yana hannun cibiyar koko ta Ibadan, mai reshe a Kusuku kan tsaunin Mambila. Can, a tudun da ya haura mita 1,500, ake noma irin Arabika mai ƙamshi. Manoman sun sha wuya: an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, yarjejeniyar farashin gahawa ta duniya ta wargaje a 1989, da yawa suka bar gonakin ko suka koma wani amfanin. Yau mai sha'awa a Zariya yakan kashe kuɗi mai yawa kan ƙwayar da ta tsallako teku, alhali ga ta Gembu tana neman mai saye.

Masu dafa gahawa a gida yanzu, waɗanda suka koya a YouTube ko a zaman karatu a waje, sukan ɗauka sabon ilimi ne. Rabinsa tsohon ilimin jabana ne aka sa wa ma'auni. Takardar tacewa wata Bajamushiya, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro ta a 1908, ɗan tulun Bialetti na kan risho kuma ya fito a Italiya a 1933, amma tambayoyin ba su sake ba: suya, niƙa, ruwa, lokaci.

Ma'aunin da aka fi farawa da shi giram 60 ne ga lita ɗaya, ruwan kuma tsakanin digiri 90 da 96. Zariya tana kan tudu na sama da mita 600, ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, don haka ɗan jira kaɗan bayan an sauke buta ya isa. Idan ta fito da tsami kuma salam, garin ya yi tsaki-tsaki ko ruwan ya wuce da sauri. Idan ta yi ɗaci mai kama harshe, ya yi laushi da yawa ko ya jima a ruwa. A sauya abu ɗaya a kowane dahuwa, in ba haka ba ba za a gane mai laifin ba. Turmi yana da aibi guda: yakan haɗa gari mai laushi da ɓarzajje a daka ɗaya. Jabana ta san da haka, shi ya sa ake barin ta ta kwanta kafin a tsiyaye ta matacin da ke bakin tukunya. Mai amfani da takarda sai ya sa rariya ya raba su. Ruwan wasu burtsatse kuma yana da nauyin ma'adinai da ke kashe ƙamshi. A dafa ƙwaya ɗaya da ruwa iri biyu, harshe zai faɗi gaskiya.

Sai batun kayan ƙamshi, inda wasu masu ra'ayin riƙau ke cewa haɗa gahawa da komai ɓata ta ne. Ban yarda ba. Mutanen Senegal sun daɗe suna shan kofin Tuba, wanda Muridawa ke dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba, kuma sirrinsa kimba ce, wadda ke zube a tire a kasuwar Sabon Gari kusa da citta da kanumfari. Ana soya ta tare da ƙwayar, a daka su tare. Sharaɗin kawai a fara ɗanɗana ƙwayar ita kaɗai, musamman ta Mambila mai sabuwar suya, kafin a san ko tana bukatar kimba ko a'a.