Zare: Yadda aka daina gina saba da hannu, da abin da ya shafe mu a Kabi

1/ Yau zare ne mai ɗan tsawo kan tarihin yadda injiniyoyi suka daina harhaɗa saba da hannu, suka koma rubuta ta a fayil. Ku gyara zama. Zan fara da abin da ya same ni, don shi ya sa na bi diddigin maganar. 🧵

2/ Mu huɗu muke furojek: manhajar da manoman shinkafa za su riƙa rubuta bashin taki da buhunan da suka samu. Ni na ɗauki aikin saba. Sati biyu ina ɗakinmu a Gwadangaji ina girka abu ɗaya bayan ɗaya, ko layi ɗaya ban rubuta a takarda ba.

3/ Saura kwana huɗu mu gabatar, na buga umarnin da bai kamata ba, komai ya rushe. Abokina ya ce, "To sake ginin ta mana, ba kai ka yi ta ba?" Wallahi na kasa tuna abin da na fara sakawa da abin da na gyara a tsakiya. Laifina ne ni kaɗai.

4/ Ga wanda bai sani ba: saba kwamfuta ce da ba a kashewa, ita ke amsa wayarka duk lokacin da ka buɗe manhaja ko shafi. Masu fassara na ce mata uwar garke. Shi kuma "gajimare" hayar kwamfutar wani kamfani ce da ke ajiye a babbar cibiya can nesa.

5/ Da can, in kana son saba sai ka sayi na'urar, ka jira makonni ta iso, ka nemo ɗaki mai sanyi da janareta. Sannan mutum ɗaya ya zauna ya saita ta. Ranar da ya bar aiki, ilimin ya bi shi. Waɗanda suka rage sai su riƙa tsoron taɓa ta.

6/ A 1993 wani masanin kimiyyar fiziks, Mark Burgess, yana Jami'ar Oslo a ƙasar Norway, ya rubuta CFEngine. Dabararsa ita ce: ka rubuta yadda kake son na'ura ta kasance, manhajar ta riƙa dubawa, in wani abu ya kauce ta mayar da shi daidai.

7/ Kamar gini ne. Za ka iya tsayawa kan magini kana cewa sa bulo nan, ɗaga can. Za ka iya kuma miƙa masa zanen gidan. In akwai zane, ko maginin ya tafi wani zai ci gaba, kuma ana iya gina irin gidan sau goma. Kusan duk abin da ya biyo baya kan wannan ya hau.

8/ A 2005 Luke Kanies ya fito da Puppet, a 2009 Adam Jacob da abokansa suka fito da Chef. Duka biyun suna saita na'ura ne bisa abin da aka rubuta. Amma fa sai na'urar tana nan. Samo ta ɗin kansa har lokacin aikin kuɗi ne da jira ga mafi yawan mutane.

9/ Abin da ya sauya wannan ya faru a 2006. A Maris Amazon ya buɗe S3 na ajiyar fayil, a Agusta ya buɗe EC2, inda kake hayar saba ta awa. Farashin farko santi goma na dala a awa ɗaya. Ka kunna, ka yi aikinka, ka kashe, ka biya na abin da ka ci.

10/ Wani abu da ba kowa ya sani ba: a Afirka aka gina babban ɓangaren EC2. Wata tawaga ce a Cape Town ƙarƙashin Chris Pinkham ta yi aikin. Amma sai Afrilun 2020 kamfanin ya buɗe yankin cibiyoyinsa na farko a nahiyar, a Cape Town ɗin. Kusan shekara 14 kenan.

11/ Muhimmancin EC2 ya wuce araha. Ana neman saba ne ta hanyar saƙo daga manhaja zuwa manhaja, ba sai an kira wani a waya ba. To duk abin da za a iya nema da saƙo, ana iya rubuta saƙon a ajiye, a sake aika shi gobe a samu irin abin da aka samu jiya.

12/ A 2009 John Allspaw da Paul Hammond na Flickr suka yi wata lacca kan yadda suke sabunta shafinsu fiye da sau goma a rana. A shekarar ce Patrick Debois ya shirya taro a Ghent ta Beljiyam, daga nan sunan DevOps ya bazu: masu rubuta kod da masu kula da saba su zama tawaga ɗaya.

13/ Daga nan sai kayan aiki suka yi ta fitowa:
2010 Vagrant
2011 CloudFormation na Amazon
2012 Ansible na Michael DeHaan
2013 Docker
2014 Kubernetes daga Google, da Terraform daga HashiCorp

14/ Bari in ɗauki Terraform. Ka rubuta a fayil: ina son saba biyu, rumbun bayanai ɗaya, ƙofa kaza a buɗe. Ka buga plan, ya nuna maka abin da zai ƙirƙira da abin da zai goge. In ka gamsu ka buga apply ya gina. Ka gama aiki ka buga destroy ya kwashe komai.

15/ Fayil ɗin kuma yana zama a Git tare da sauran kod. Kowane gyara ana ganin wanda ya yi shi, da ranar da ya yi. Abokin aikinka zai karanta kafin a aiwatar. Da mun yi haka a furojek ɗinmu, da ɗaya cikin mu huɗu ya hango kuskurena.

16/ In kana ganin aikin hannu ɗalibai kawai yake kayarwa, ji wannan. Kwanaki kaɗan kafin 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sa sabon kod a sabobinsa takwas. An kwafa a bakwai, aka tsallake ɗaya.

17/ Da kasuwa ta buɗe ranar 1 ga Agusta, wannan ɗayar ta tayar da wani tsohon kod, ta shiga aika odar saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin kamar minti 45 suka yi asarar sama da dala miliyan 400. Kamfanin bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, a 2013 ya haɗe da Getco.

18/ A shekarun nan ne wani misali ya yi tashe a wurin injiniyoyi: kada ka riƙi saba kamar dabbar gida da ka raɗa wa suna kana jinyarta, riƙe ta kamar ɗaya cikin garke mai lamba. In ta lalace, cire ta, fayil ya haifo wata.

19/ Misalin nan dariya yake ba ni, don duk wanda ya zauna da Fulanin fadamar Rima ya san makiyayi na gane kowace saniya tasa da kamanninta. Garken Amurka suke nufi 😅 Amma manufar ta fito: kada aikinka ya rataya a kan na'ura guda.

20/ Kada ku ɗauka abin ba shi da haɗari. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, aka cire sabobi fiye da waɗanda aka yi niyya. S3 ya tsaya kusan awa huɗu a yankin Virginia, shafuka da yawa suka faɗi. Saurin ginawa shi ne saurin rusawa.

21/ Akwai kuma rigimar mallaka. A Agustan 2023 HashiCorp ya sauya lasisin Terraform, ya daina zama buɗaɗɗe kamar da. Wasu suka ɗauki tsohon kod suka kafa OpenTofu ƙarƙashin Linux Foundation. A 2024 IBM ya sanar zai sayi HashiCorp kan dala biliyan 6.4.

22/ To mu fa? Microsoft ya buɗe cibiyoyin Azure a Afirka ta Kudu a 2019, Google ya buɗe nasa a Johannesburg a 2024, Amazon ya kawo ƙaramin reshe Legas a 2023. Gwamnatin tarayya na da Galaxy Backbone tun 2006. Ɗalibi a Birnin Kebbi dai sabarsa na nesa da shi, sau da yawa a Turai.

23/ Kun tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse, MainOne, WACS, SAT-3 da ACE? Intanet ya yi rauni, manhajojin banki suka yi ta gardama. Fayil ba ya ɗinke waya, amma in kana da shi da kwafin bayananka, kana iya tayar da aikin a wata cibiya.

24/ Sai maganar kuɗi. Farashin gajimare da dala ake lissafa shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Sabar da ka bari a kunne kana barci, kuɗin abincinka take ci. Mai fayil zai rushe ta da dare ya sake gina ta da safe.

25/ Ku ɗauki bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934. A ce ka yi shafin masaukin baƙi. 'Yan kwanakin biki jama'a za su yi maka ca, sauran shekara shiru. Sayen manyan na'urori saboda wannan asara ce. A fayil lamba kawai za ka canza, biyu ta koma goma, bayan biki ta dawo biyu.

26/ Yadda tawa ta ƙare: dare uku ban yi barcin kirki ba, ina cajin laftof wurin mai caji in an ɗauke wuta. Amma a karo na biyu kowane mataki sai da na rubuta shi a Ansible. Na rushe sabar da gangan don gwaji, ta dawo cikin 'yan mintuna. Bayanan gwajin da muka tara dai sun tafi, ba mu da kwafi.

27/ Shawarata ga mai farawa:
• koyi Linux da Git tukuna
• gwada Docker ko Vagrant a laftof ɗinka, ba sai ka biya kowa ba
• kada ka taɓa sa kalmar sirri a Git
• sa ƙararrawar kuɗi a asusunka
• karanta plan kafin apply
• ajiye kwafin bayanai daban

28/ Nan zan tsaya da wanga zare. 'Yan Kalgo, Aliero da Poli da ke shirin furojek, in kuna so mu haɗu wata Asabar mu gina saba ɗaya daga fayil tare, ku yi magana a ƙasa. Wanda kuma ya taɓa rusa saba da hannunsa ya ba mu labari, kada a bar ni ni kaɗai da kunya.