Tarihin Samariya da Gasar Wasan Kwaikwayo a Jamhuriyar Nijar

Tun kafin Faransa ta kafa mulkinta a ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Nijar, al'adar Hausawan karkara ce, a Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram da Adar da Arewa, samarin kowane gari su haɗa kansu ƙarƙashin sarkin samari, wanda yake da nasa fadawa da nasa hukunci, shi ke kiran gayya idan ciyawa ta rinjayi gonar wani dattijo, shi ke tarbar baƙin samari ran biki, shi kuma ke tsawata wa wanda ya yi rashin ladabi a dandali. Wannan jama'a ita ce samariya, kuma tana da wasanninta tun asali, domin yaran da suka tashi suna tashe a cikin watan azumi, da mutanen Damagaram da suka saba da wasan kara inda talaka ke shigar mai mulki yana kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, ba su buƙaci wani ya zo daga waje ya koya musu hikimar kwaikwayo ba.

Da zamanin jam'iyyu ya zo a shekarun 1950, sai Sawaba ta Djibo Bakary da RDA ta Diori Hamani kowace ta nemi samari su zama dakarunta, har abin da ya kasance na gari duka ya rabu gida biyu, martabarsa ta ragu. Haka aka yi ta tafiya bayan samun mulkin kai a 1960, har Allah ya jarrabi ƙasa da fari mai tsanani, kuma a ranar 15 ga Afrilu, 1974, soja suka kifar da gwamnatin Diori, Seyni Kountché ya karɓi ragama. Da yake ya rushe jam'iyya da majalisa, alhali kuwa mulki ba ya yiwuwa sai da wata hanya tsakanin mai mulki da talakawa, sai ya waiwayi samariya, ya farfaɗo da ita, ya shimfiɗa ta a kowane ƙauye da kowace unguwa, har a ƙasashen Zabarmawa da Barebari da Buzaye da Fulani. Samari suka shiga gina azuzuwan makaranta da dashen itatuwa da sharar gari, aka kuma gina musu gidajen samariya inda za su taru da dare.

A cikin waɗannan gidaje ne wasan kwaikwayo ya sami mazauni, amma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a 1976, ana yin sa a watan Afrilu, yana zagaya manyan biranen jihohin nan bakwai na wancan lokaci, wato Yamai da Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa da Agadas. Ƙa'idar gasar kuwa hawa-hawa ce: sai ƙungiya ta yi fice a cikin takwarorinta na gunduma kafin ta je gaban alƙalan jiha, sai kuma jiha ta tace gwanayenta kafin ta kai su gaban jama'ar ƙasa baki ɗaya, inda ake gwada fasaha a wasan kwaikwayo da rawa da waƙa da kiɗa da wasannin motsa jiki. Saboda haka yaron da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba yana iya wayar gari a babban birni, shugaban ƙasa na kallonsa, sunan garinsu na rataye a wuyansa. Wannan buri shi ya hana samari barci.

Yadda suke shirya wasan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan asirin nasararsu yake. Galibi ba a rubuta maganganun da za a faɗa, sai dai a zauna a yi shawara a kan mas'alar da za a taɓo, a tsara labari fitowa bayan fitowa, a ba kowa matsayin da ya dace da halinsa da muryarsa, sa'an nan a bar shi ya zo da kalmominsa. Ana nan ana maimaitawa dare bayan dare, ana zubar da abin da bai yi armashi ba, ana riƙe karin maganar da ta sa 'yan kallo dariya, har wasan ya nuna, ya zauna a ƙirjin 'yan wasa kamar hadda. Ta wannan hanya manomi da tela da mahauci, waɗanda ba su yi boko ba, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, domin ma'aunin da ake auna mutum da shi balagar harshe ce da sanin halin mutane, ba takardar shaida ba.

Haƙiƙa hukuma ba don nishaɗi kaɗai ta ɗauki nauyin wannan al'amari ba. Tana son a yi wa jama'a nasiha a kan tsadar aure da almubazzaranci, da auren dole, da tafiyar samari cin rani su bar gonaki, da sare itatuwa, da sa yara makaranta, da haɗin kan ƙabilu. 'Yan wasa sun isar da wannan wa'azi, amma sun cusa nasu a ciki, domin a bakinsu ne talaka ya ga ana yi wa ma'aikaci mai cin hanci da boka maƙaryaci da attajiri mai girman kai dariya a bainar jama'a, ko da yake kowa ya san iyakar da ba a ƙetarewa, wato kujerar soja. Rediyon Muryar Sahel da talabijin ta ƙasa suka kai waɗannan wasanni nesa, kuma a wannan zamani ne ɗan wasan kwaikwayo Yazi Dogo da abokansa na Damagaram suka zama sanannu a kowane gida, har wata mai bincike, Janet Beik, ta wallafa littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987.

A shekarar nan ta 1987, cikin watan Nuwamba, Kountché ya rasu, kuma da yake an riga an mai da samariya ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarinsa na raya ƙasa, sai ƙaddararta ta ɗauru da ta mulkin. Da kuɗin yuraniyom suka ja baya, da kuma babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, sai mutane suka dube ta a matsayin kayan tsohuwar gwamnati, samari suka watse zuwa jam'iyyu da majalisun shan shayi da ake kira fada, gidajen samariya da yawa suka yi shiru.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, hukuma ta ba da fage da gasa da lada, amma fasahar ta jama'a ce tun fil'azal, kuma abin da ya raunana samariya shi ne jingina ta ga mai mulki guda. Wajibi ne ga duk mai son raya wannan gado, sarki ne ko magajin gari ko malami, ya mayar wa samarin ƙauye gasarsu, ya taimake su da wuri da alƙalai masu adalci, sa'an nan ya bar shugabancinta da zaɓen abin da za su faɗa a hannunsu.